Kafet Ɗin Motar Ilu

Duk wanda ya san Karaye ya san Ilu. In bai san shi da ido ba, to ya san shi da kunne, don muryarsa takan riga shi isa wuri. Ya daɗe yana masinja a ofishin hakimi, ya kai takarda ya kawo takarda, amma in ka ji shi a teburin Alhassan mai shayi sai ka rantse shi yake naɗa dagatai. Babu sana'ar da bai iya ba. Ya taɓa gyara wa maƙwabcinsa rediyo, tun daga ranar rediyon bai sake cewa uffan ba. Ilu ya ce ai dama surutu ne ya yi masa yawa.

Da ya yi ritaya sai ya sayi mota, tsohuwa mai dogon baya, irin wadda ta ga gwamnatoci sun zo sun wuce. Ya raɗa mata suna Gimbiya. Da ita yake jigilar duk abin da Allah ya kawo tsakanin Karaye da Rogo da ƙauyukan Kwanyawa, buhunan gyaɗa ne, dawa ce, wake ne, jarkar manja, daddawa, awaki, wani lokaci har da mai awakin. Duk abin da ya zube kuwa, kafet ɗin ƙasan motar ne ke shanyewa. Babu wanda ya san asalin launinsa. Barira, matar Ilu, ta ce ja ne. Ilu ya ce ruwan toka ne. Kaji dai ba su shiga gardamar ba, in an buɗe ƙofa sai su faɗa ciki su yi tono su fito a ƙoshe.

Abu ɗaya ne ke ci wa Ilu rai, shi ne surukarsa Hajiya Yelwa, mahaifiyar Barira, da ke zaune a Rogo. Tsohuwa ce mai tsafta har ta yi yawa, wadda in ka sha ruwa a gidanta kana ajiye kofi take wankewa a gabanka. Sau ɗaya ta taɓa shiga Gimbiya da farin mayafi, ta fito bakin mayafin ya koma kalar miyar taushe. Tun daga nan ta ce ita da motar nan sai dai kallo. Duk inda za ta, Sulle ne ke ɗaukarta a adaidaita sahunsa. Sulle kuwa mijin Ikilima ne, autar Hajiya, yaron da Ilu ke cewa a gabansa aka yi masa kaciya.

Ana tsakiyar damina sai Bushra, 'yar Ilu, ta haifi 'ya mace. Hajiya Yelwa ta samu tattaɓa-kunne, dole ta zo Karaye wunin suna. A ranar Ilu ya isa teburin mai shayi yana baza babbar riga.

"Ku shaida," in ji shi, "ranar suna ni zan ɗauko Hajiya. A Gimbiya. Har ƙofar gida."

Sulle na gefe yana tsoma burodi a shayi. Ya ce, "Yaya Ilu, a cikin motar za ka sa ta, ko a saman kariya za ka ɗaure ta don ta samu iska?"

"Kai rufe mana baki, mai ƙafa uku. Abin da kake tuƙawa mota ce ko tukunya a kan murhu?"

"Tukunyar dai ba ta wari."

Alhassan ya ce, "Malam Ilu, gaskiya ɗaya ce. Jiya da ka tsaya a nan, sai da madarata ta tsinke."

Aka kwashe da dariya. Ilu ya buga tebur ya ce kafin ranar suna zai mayar da cikin Gimbiya kamar ɗakin amarya, har a zubar da fura a lashe. Aka ce ya kai ta Kano wurin masu aikin. Ya ce su waɗannan yaran ai a wurin irinsu suka gani. Maganar ta bi waya ta isa Rogo, amsa ta dawo ta bakin Barira: Hajiya ta ce in mota ta tsarkaka za ta shiga, in ba ta tsarkaka ba, Sulle na nan.

Ilu ya tuɓe riga ya ɗaura zane a ƙugu. Ya juye garin sabulu a ƙasan motar kamar mai zuba taki, ya bi shi da guga bayan guga daga rijiya. Da hannunsa ya gaji da ja, sai ya koma randar Barira ya kwashe tas. Ruwa ya cika motar har idon sawu, baƙi ƙirin, ga ɓawon gyaɗa na iyo.

Barira ta dawo daga gidan mai jego ta tsaya riƙe da haɓa.

"Malam, wanki kake ko kiwon kifi za ka fara?"

"Ke me kika sani a harkar mota? Yanzu zan rufe tagogi in bar ta a rana. Turiri ne zai dafa dattin ya narke da kansa. Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba."

"Wace ƙasar ka je?"

"Sai na je? Shekara nawa ina ɗaukar takardun gwamnati?"

Ya rufe tagogi ruf, ya lulluɓe motar da tamfol, ya kafa doka kada wanda ya kusance ta. Ya koma teburin shayi yana ba da lacca a kan turiri.

Bayan 'yan kwanaki ya gayyato jama'ar teburin gaba ɗaya su zo su ga aiki. Ya kama bakin tamfol ya fizge da ƙarfi kamar gwamna zai buɗe asibiti.

Cikin Gimbiya ya zama kore shar. Duk wata ƙwayar dawa da gero da wake da ta maƙale a kafet ɗin nan tun zamanin mai motar na farko ta samu ruwa, ta samu ɗumi, ta samu takin awaki, ta ce bismillah. Dawa ta fito a ƙarƙashin totur. Wake ya fara laluben giya zai naɗe. A bayan kujerar direba har da gyaɗa mai ganye biyu, ta ɗago kai tana kallon mutane.

Alhassan ya leƙa ya daɗe, sannan ya ce, "Masha Allah. Malam Ilu, bana kai ka fi kowa yabanya."

Sulle ya ce, "Yaya, in za ka yi noman farko ka faɗa, mu kawo gayya."

Ilu bai girgiza ba. Ya ce, "To kun gani? Shaida ke nan sabulun ya shiga ko'ina. Ƙasar da ba ta da tsafta shuka take yi?"

Ya buɗe ƙofofi huɗu don iska ta shiga, ya juya yana ƙarin bayani. Awakin Turai maƙwabciyarsa ba su jira bayanin ya ƙare ba. Kafin ya waiwayo sun cika motar, bunsurun ya hau kujerar direba ya ɗora ƙafa a kan sitiyari. Suka cinye dawa, suka cinye wake, da suka ga ba a hana su ba suka fara soson kujera. Ilu ya bi su da muciya, Turai ta leƙo ta katanga.

"Kada ka taɓa mini akuya mai ciki! Wa ya ce ka yi gona ba shinge?"

"Mota ce, Turai!"

"To motar da ta yi tsiro ai ta tashi daga mota."

Awaki suka fita, suka bar masa abin da awaki ke bari. Ga kafet jiƙe sharkaf, ga wari ya ninka, har ƙudajen mahauta suka baro wurin aikinsu suka zo gani.

Ilu ya ce abu ne mai sauƙi, wuta ke maganin danshi, turare ke maganin wari. Ya shiga ɗakin Barira ya ɗauko kwalbar turaren wutan da ta haɗa wa mai jego, ya cika kasko da garwashi, ya juye kwalbar gaba ɗaya, ya ajiye a tsakiyar mota ya rufe ƙofofi. Ba a jima ba hayaƙi ya fara fita ta ko'ina, ta tagogi, ta but, har ta salansa. Wata mata da ke wucewa ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, "Gobara! Gobara a gidan Malam Ilu!"

Unguwa ta fito. Mai bokiti, mai tulu, mai butar alwala. Ilu ya tare gaban mota yana ɗaga hannu yana cewa, "Turare ne! Jama'a turare ne!" Wa zai saurare shi? Turai ce ta fara, ta watsa masa ruwan wanke-wanke a fuska don ya kauce, sauran suka buɗe ƙofa suka yi ta antayawa har sai da motar ta koma yadda take ranar farko, sai dai yanzu da toka a ciki. Da ƙura ta lafa mutane suka yi ta yi masa barka da arziki, shi kuma dole yana amsawa.

Barira ta ɗaga kwalbarta ta girgiza, babu ko ƙwaya. Ta ce, "Malam, ka bar wa Sulle ɗaukar nan, ka tsira da sauran mutuncinka."

"Sulle? In ina numfashi? Kafet ɗin ne ba shi da asali. Cire shi zan yi in sa sabo."

Ana gobe suna, Barira ta tafi gidan Bushra ta kwana can wurin aikin abinci. Ilu ya samu fili. Ya kama bakin kafet ya ja, ya ƙi. Ya sa ƙafa ya tokare ƙofa ya ja da iya ƙarfinsa. Kafet ya taso, ya taso da abin da ke ƙarƙashinsa. Ilu ya faɗi zaune da wani faffaɗan ɓawon tsatsa a cinya. Da ya leƙa bayan motar, inda mai zama ke ajiye ƙafa, sai ya ga ƙasar tsakar gidansa, ga kaza na wucewa ta ƙarƙashi. Ashe ƙarfen ya daɗe da mutuwa. Manja da laka da kashin awaki ne suka haɗu da kafet suka daskare, su ke riƙe da fasinjoji duk shekarun nan.

Da wani mutum ne, da nan zai tsaya. Ilu ya ce ai gara da aka gani.

Ya samo kwalayen taliya ya shimfiɗa a kan ramin. Ya ɗauko murafen kwallayen Barira ya jera a kai, wai ƙarfe ya koma inda ƙarfe ya fita. Saura abin rufewa. Ya duba tabarma, ya ce ta talakawa ce. Ya duba buhu, ya ce Hajiya ba gyaɗa ba ce. Sai idonsa ya faɗa kan wata darduma a naɗe a saman sif ɗin Barira, babba, mai laushi, koriya da furanni ruwan zinare, wadda ba a shimfiɗa ta sai da Sallah. Ya auna da taƙi, ya sa almakashi ya raba ta gida-gida, har da huda wa giya ƙofa. Ya sayo sholisho a wurin mai faci, ya kwarara a ƙasa, ya ga kamar bai isa ba ya kwarara a sama ma, don gashin dardumar ya kwanta. Sannan ya rufe da buhuna kada ƙura ta taɓa.

Da safe aka raɗa wa jaririya suna Rukayya, aka raba goro. Ilu ya ci ado, ya ɗauki Barira suka nufi Rogo. Tana tambayar me ke ƙarƙashin buhu, yana cewa ta jira ta ga ikon Allah.

Hajiya Yelwa ta fito cikin farin leshi da sabbin takalma. A nan dole a san wani abu. Barira 'yar fari ce, Hajiya ba ta faɗin sunanta, sai dai "ke". Mijin 'yar fari kuwa ya fi haka nauyi. Tun da aka ɗaura auren nan Hajiya ba ta taɓa kiran sunan Ilu ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, shi ma bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da bango, bango ya amsa ta bakin Barira. Ya tashi ya juyar da madubin cikin mota ya kalli rufi, kada tsautsayi ya sa su haɗa ido. Sannan ya kwashe buhuna, sai da ya yi da gaske don sun fara kamawa, ya ja da baya yana murmushi.

Barira ta ga furanni ruwan zinare. Ta buɗe baki, ta dubi uwarta, ta rufe. Hajiya ta daɗe tana kallon ƙasan motar. Ta yi bismillah ta shiga, ta ɗora takalmanta a kai.

Sun fita gari kaɗan sai ta ce, "Ke, tambayi mai motar, ina ya samo shimfiɗa mai kyau haka?"

Ilu ya gyara hula. "Barira, gaya wa Hajiya 'yar ƙasar waje ce. Ba a samun irinta a nan."

"Ke, gaya masa na sani. Ni na ɗauko ta a ka daga Makka na kawo miki."

Motar ta ɗan yi tangal-tangal. Amma Ilu Ilu ne. Ya yi gyaran murya ya ce, "Barira, gaya wa Hajiya shi ya sa aka zaɓe ta. Albarka muke nema. Motar da ke da kayan Makka a ciki ba ta haɗari."

Barira ta ce a hankali, "Malam, ka yi tuƙinka. Ni da kai sai mun koma gida."

An yi ruwa da asuba, hanya duk kududdufai. Kowane suka shiga, kwali na sha daga ƙasa. Can Hajiya ta so ta gyara zama, ƙafa ta ƙi tasowa.

"Ke, gaya masa motarsa ta riƙe mini takalmi."

"Barira, gaya wa Hajiya haka ake yin na zamani, don kada babba ya zame."

Aka ƙara tafiya. Wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashi, ƙwal, ya gangara gefen titi yana walƙiya. Barira ta waiwaya ta ce, "Wancan ba murfin kwallata ba ne?"

"Na wata motar ne."

Wani ya sake faɗuwa. Hajiya ta zare ƙafafunta daga cikin takalman ta naɗe su a kan kujera.

"Ke, gaya masa ƙasan nan na numfashi."

"Malam, don Allah ka tsaya ka duba!"

"In waiwaya in kalli Hajiya? Ke ba ki da kunya, ni ina da ita."

Da suka shigo Karaye akwai hanyar da ta miƙe zuwa gidan suna, busasshiya. Ilu bai bi ta ba. Ya karkata ta gaban teburin Alhassan, inda ya san duk masu yi masa dariya na zaune, har da Sulle da adaidaitarsa. A gaban teburin akwai wani kududdufi da ke jira tun asuba. Ilu ya danna ham, ya fito da hannu ta taga yana ɗagawa kamar ɗan takara, ya faɗa ruwan.

Ƙasan motar ya ce ya gaji. Kwali da sauran murafe da darduma suka sauka gaba ɗaya, jan ruwa ya yi tsiri ta ramin har rufi, ya dawo kan farin leshi. Gimbiya ta yi gaba kaɗan, ta yi tari, ta mutu. A bayanta, a bakin kududdufin, ga yankin darduma shimfiɗe, ga takalman Hajiya biyu a tsaye a kai, a jere, kamar an cire su a ƙofar masallaci.

Babu wanda ya yi dariya. Ko cokali ba a motsa ba. Ilu dai idonsa na gaba, hannunsa har yanzu a waje.

"Barira," in ji shi, "gaya wa Hajiya an iso lafiya."

Sai murya ta fito daga bayan motar, ba ta bi ta kan kowa ba.

"Iliyasu!"

Alhassan ya saki ludayin shayi. Wani tsoho ya ce, "Innalillahi, ta faɗi sunan." Wuyan Ilu ya juya da kansa, karo na farko a rayuwarsa ya ga fuskar surukarsa, jan ruwa na ɗiga daga haɓarta.

"Dube ni da kyau," in ji Hajiya Yelwa, "tunda ka sha wahala kafin ka gani. Mayafina ka ci, na yi shiru. Dardumata ka yanka, na yi shiru. Yanzu saura ni ka zubar a titi? Buɗe mini ƙofa."

Ƙofar ma ta ƙi buɗuwa daga ciki. Sulle ne ya tako cikin ruwa ya buɗe, ya matso da adaidaita har bakin ƙofar don kada ta taka laka. Ya koma zai ɗauko takalma, suka ƙi rabuwa da darduma, sai ya naɗo su tare ya miƙa mata. Ta rungume abinta. Barira ta bi uwarta ba ta ko waiwayo ba. Da za su tashi Sulle ya leƙo ya ce, "Yaya, in ka ga dama ka riƙe bayanmu mu ja ka. Ƙafa ukun na da ƙarfi."

Haka Hajiya ta shiga gidan suna ba takalmi, da leshi mai zane irin na taswira. Ta ƙi canza kaya sai da kowace mace a gidan ta gani, ta kuma ji labari daga bakinta. Ta shimfiɗa yankin dardumar a tsakar gida, takalma na tsaye a gefe, ta ce a kawo mata jaririya. Aka kwantar da ita a kan furannin zinare, ta yi daidai kamar don ita aka yanka. Wata gwaggo ta ce, "Kai, ga 'Yar Kafet!" Mata suka ɗauka da guɗa. Kafin la'asar babu mai tuna an raɗa Rukayya, har uban yarinyar.

Ilu kuwa sai da matasa suka turo Gimbiya gida, shi yana ciki yana riƙe da sitiyari, kaji na bin ramin a guje. Washegari aka ɗauka ba zai fito ba. Sai ga shi a teburin shayi, ya ja benci ya zauna, ya ce a haɗa masa mai kauri.

Alhassan ya ce, "Malam Ilu, ya gajiyar jiya?"

"Gajiya ta bi lafiya. Ku dai ku faɗi gaskiya. Duk garin nan, wa ya taɓa yin aikin da aka sa wa jariri sunansa? Kuma kai Sulle, duk jigilar da kake yi da ita, ta taɓa kiran cikakken sunanka a gaban jama'a?"